Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Tarihin Ƙarfe Marar Tsatsa Da Yadda Ɗanyen Mai Ke Cin Sa A Gefen Walda



TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Isa ta jihar Sakkwato, daga hannun wani mai sauraronmu da ya ce shi ɗan gidan maƙera ne, amma yanzu walda yake yi a bakin tasha. Ga abin da ya ce: "Wata mai sayar da abinci ta kawo mini farin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, na haɗa mata babbar tukunya. Ba a rufa shekara ba ta dawo da ita tana yoyo. Abin da ya ɗaure mini kai, ba a kan waldar ta ɓule ba, a gefenta ne, kusa da layin. Ta ce aikina ne bai yi kyau ba, ni kuwa na ce ƙarfen ne na jabu. Muna cikin gardama sai wani direban tanka ya ce ai ko a matatar mai, ɗanyen mai mai zafi yana cin irin wannan ƙarfe, kuma daga wajen walda yake farawa. Don Allah ku ba mu tarihin wannan ƙarfe, kuma shin maganar direban nan gaskiya ce?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Maganar direba gaskiya ce, kuma ciwon da ya kama tukunyarka ɗan'uwan wanda ya daɗe yana wahalar da injiniyoyin matatun mai ne. Amma bari mu faro daga tushe.

Kai da ka fito daga gidan ƙira ba sai an gaya maka abin da wuta ke yi wa ƙarfe ba. Tun zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808, maƙeran ƙasarku ke narka tama da gawayi suna ƙera garma da gatari da mashi. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ƙarfen Turai da tsofaffin ƙarafa suka yawaita a kasuwanni, sai narkar tama ta riƙa ja da baya har aka bar ta. Amma abu ɗaya bai canja ba: kowane maƙeri ya san in aka gasa bakin wuƙa fiye da kima, ko aka tsoma ta a ruwa ba a kan lokaci ba, halin ƙarfen ya sauya, ko da ido bai ga bambanci ba. Ka riƙe wannan magana, domin ita ce mabuɗin amsarka.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa ne saboda iska da laima suna haɗuwa da shi, su mai da fatarsa jar ƙasa mai ɓarewa. Da ta ɓare sai sabon wuri ya fito fili, shi ma a ci shi. Shekaru aru-aru ana fama da wannan ta hanyoyi irin su shafa mai ko fenti.

A 1797 wani masani Bafaranshe mai suna Louis Vauquelin ya gano wani sabon ma'adini da aka sa wa suna kuromiyam. An yi fiye da shekara ɗari ana gwada gauraya shi da ƙarfe kafin a dace. A 1912 ma'aikata biyu na kamfanin Krupp na ƙasar Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer, suka yi rajistar wani ƙarfe mai kuromiyam da nikel wanda asid ba ya saurin ci. A 1913 kuma, a garin Sheffield na Ingila, garin da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe, wani mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure zafi a cikin bakin bindiga, sai ya narka wani haɗi mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari. Ya lura ruwan asid da ake ɗiga wa ƙarfe don a duba shi bai kama wannan ba, ruwan lemun tsami ma bai ɓata shi ba. Daga nan aka fara ƙera wuƙaƙen cin abinci da shi. A 1924 wanda ya gaje shi a wurin aikin, William Hatfield, ya daidaita haɗin da ya fi shahara har yau, wato kuromiyam kashi 18, nikel kashi 8. Daga zuriyar waɗannan ƙarafa ne ake yin kwanuka da cokulan da 'yan kasuwa ke kira silba, ko da yake babu azurfa ko ƙwaya ɗaya a cikinsu.

To mene ne sirrinsa? In kuromiyam ya kai kamar kashi 11 cikin ɗari, yakan haɗu da iska ya yi wa ƙarfen wata fata wadda ido ba ya gani. In ka raba kaurin gashin kai gida dubu goma, kashi ɗaya ma ya fi ta kauri. Wannan fata ita ce duk garkuwarsa. In aka karce ta, nan take takan sake tsirowa, muddin akwai isasshen kuromiyam a wurin. Ashe ke nan ba a ce ƙarfen ba ya ciwuwa sam ba. Riga ce yake sanye da ita, kuma duk inda rigar ta kasa ɗinke kanta, ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe.

Ba a jima da fara amfani da shi a masana'antu ba, a cikin shekarun 1920, sai aka fara ganin abin da ka gani a tukunyarka. A haɗa tanki da walda, a zuba masa ruwa mai asid, bayan 'yan watanni sai a ga layi biyu, ɗaya a kowane gefen waldar, sun zaizaye, ita kuwa waldar tana nan garau. An yi ta zargin masu walda, su kuma suna zargin masu sayar da ƙarfe, kamar dai yadda kuka yi. A 1933 wani masanin ƙarafa na Amurka, Edgar Bain, da abokan aikinsa biyu suka bayyana dalili.

Ga yadda abin yake. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna kamar tubalan katanga. Kuma kowane ƙarfe yana da ɗan sinadarin gawayi a cikinsa, wanda ake kira kabon. In zafi ya kai tsakanin digiri 450 zuwa 850 (ka tuna a digiri 100 ruwa ke tafasa) kuma ya ɗan jima a nan, sai kabon ɗin ya taru a mahaɗar ƙwayoyin, ya janye kuromiyam ɗin da ke kusa ya ƙulle shi. Sai a bar wani siririn layi a kewayen kowace ƙwaya wanda kuromiyam ɗinsa bai isa yin riga ba. Ita waldar kanta takan narke a zafin da ya haura digiri 1,400, ta yi saurin wuce wancan mataki yayin hucewa. Can nesa kuwa zafin bai kai ba. Wurin da ke tsakani, 'yan milimita kaɗan daga layin, shi ne ke daɗewa cikin zafin nan mai cutarwa. Da ruwa mai tsami ko gishiri ya same shi, sai ya bi mahaɗar ƙwayoyin yana ci, kamar katangar da ruwan sama ya wanke ƙasar da ke tsakanin tubalanta. Tubalan suna nan lafiya, amma katanga ta zube.

Magani biyu aka samo. Na farko, tun wajen 1930 aka fara ƙara wa ƙarfen ɗan taitaniyam, daga baya niyobiyam, waɗanda ke riga kuromiyam kama kabon ɗin. Su ne ake kira lamba 321 da lamba 347. Na biyu shi ne a rage kabon tun a wurin narkawa, daga kashi 0.08 cikin ɗari zuwa 0.03 ko ƙasa da haka. Irin wannan shi ne ake sa wa harafin L a bayan lambarsa, kamar 304L da 316L. Da farko yana da tsada ƙwarai, sai a 1968 da aka fara aiki da wata sabuwar hanyar tace narkakken ƙarfe da iskar argon da oksijin a Amurka, sannan ya yi araha.

Yanzu sai mu zo ga maganar direba. Ɗanyen mai iri-iri ne. Akwai mai ruwa-ruwa, irin mafi yawan wanda ake haƙowa a kudancin Nijeriya tun bayan gano shi a Oloibiri a 1956, akwai kuma mai kauri, wani har kamar zuma. Mai ruwa-ruwan yana ba da fetur da kananzir da gas masu yawa, amma ba ya ba da kwalta da baƙin man inji masu kyau. Saboda haka lokacin da kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, sai aka yi ta sashe biyu, kowanne na tace ganga 50,000 a rana. Sashe ɗaya na man gida ne, ɗayan kuwa an tsara shi ne don mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya. A wancan lokaci ana sauke shi a Escravos a bakin teku, a turo shi ta Warri cikin bututu mai tsawon fiye da kilomita 600. Sashen yin man inji da kwalta da kakin kyandir ya fara aiki a 1983, kuma a 1986 aka ƙara ƙarfin matatar zuwa ganga 110,000. Daga Kaduna aka ja bututun tataccen mai ta Zariya zuwa daffon Gusau, don tankoki su ɗauka su kai ƙasar Sakkwato. Ka ga ke nan maganar ba ta yi nisa da tasharku ba.

A matata, dafa ɗanyen mai ake yi. Akan ratsa da shi ta cikin bututun da wuta ke ci a kewayensu har ya kai digiri 350 zuwa 400, sannan a tura shi wata doguwar hasumiya inda kowane irin mai ke rabuwa bisa nauyinsa. A wannan zafi, abokan gaba biyu da ke kwance cikin mai mai nauyi sukan farka.

Na farko shi ne farar wuta. Da zafi ya haura kamar digiri 260, takan ci baƙin ƙarfe sannu a hankali ta bar masa baƙin ɓawo, bututu ya riƙa sirancewa daga ciki alhali daga waje ba a ganin komai. Ranar 6 ga Agusta 2012, a matatar kamfanin Chevron da ke Richmond a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani bututun baƙin ƙarfe da aka sa tun 1976 ya fashe ta wannan hanya. Ma'aikata 19 suka tsallake rijiya da baya, kuma mutanen gari kimanin 15,000 suka nemi magani a asibitoci saboda hayaƙin gobarar. Irin wannan ne ya sa ake son ƙarfe mai kuromiyam a wuraren zafi, domin farar wuta ba ta cin sa da sauƙi.

Na biyu shi ne wani asid da ke cikin man kansa, ana kiransa naftenik. Sunan ya samo asali ne daga binciken da wani Barashe, Vladimir Markovnikov, ya yi a kan man garin Baku a shekarun 1880, kuma tun shekarun 1920 matatu suka fara ganin ɓarnarsa. A sanyi ba ya komai. Amma tsakanin digiri 220 zuwa 400 yakan narkar da ƙarfe ya tafi da shi cikin man, ba ya barin tsatsa ko ɓawo. Sai dai a buɗe bututu a tarar da kwaruruka masu kaifin baki, fes kamar an sassaƙe da gizago. Ya fi ɓarna inda mai ke gudu da ƙarfi, wato a kwana, da bakin famfo, da inda walda ta yi tudu a cikin bututu man yana karo da ita. Ƙarfen nan na 18 da 8 ma ba ya jure masa sosai. Sai da aka ƙara masa wani ma'adini mai suna molibdinam, kashi 2 zuwa 3 a lamba 316, kashi 3 zuwa 4 a lamba 317, sannan aka samu sauƙi. A nan ma walda tana da nata rauni: yayin da narkakken ƙarfe ke daskarewa, molibdinam ba ya rabuwa daidai, wani wuri ya samu da yawa, wani ya samu kaɗan. Don haka akan yi waldar da sandar da ta fi bututun yawan molibdinam.

Wannan asid ba labarin ƙasashen nesa ba ne kawai. Man Doba na kudancin Cadi, wanda aka fara turawa ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi ta Kamaru a 2003, mai kauri ne kuma mai asid. A ma'aunin da ake auna asid ɗin mai, in ya wuce rabin maki ɗaya akan fara taka tsantsan, shi kuwa na Doba a shekarunsa na farko ya haura maki 4. Matatu ƙalilan ne bututunsu ke iya ɗaukarsa, don haka aka riƙa sayen sa ƙasa da farashin sauran. Duk ɗan kasuwa ya san wannan hukunci: kayan da masu sayensa ba su da yawa, sai yadda suka taya.

Saura abu na uku, wanda ya fi kama da ciwon tukunyarka, kuma abin mamaki ba lokacin aiki yake faruwa ba, sai an tsaya. Mun ce farar wuta takan bar baƙin ɓawo a cikin bututu. Muddin bututun yana da zafi kuma iska ba ta shiga, ɓawon yana zaune lafiya. Ranar da aka kashe wuta aka buɗe, iska da laima suka shiga, sai su haɗu da ɓawon su haifar da wani asid dabam. Shi wannan asid ba ya taɓa lafiyayyen ƙarfe marar tsatsa, sai wanda zafi ya riga ya sace wa kuromiyam, wato gefen walda, ko bututun da ya yi shekaru cikin zafin da ya haura digiri 400. Yakan bi mahaɗar ƙwayoyi ya tsaga bututu mai kauri cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ma cikin sa'o'i. A shekarun 1950 aka gane wannan a matatun Amurka. Maganin da aka samo zai ba ka dariya: kafin a bar iska ta shiga, akan wanke cikin bututun da ruwan wani gishiri da ake kira soda, wanda ɗan'uwan kanwa ne na jini, don ya kashe tsamin, kamar yadda uwargida ke jefa kanwa a miya. Ko kuma a cika bututun da busasshiyar iskar naitirojin a toshe.

Darasin da ke nan shi ne, matata ba kamar garma ba ce da za a jingine bayan damina a ɗauko baɗi. Matatar Kaduna ta sha tsayawa saboda fasa bututun da ke kawo mata ɗanyen mai da kuma jinkirin babban gyara, kuma manya cikinku ba su manta da wahalar mai ta 1994 da ta 1997 zuwa 1998 ba, lokacin da galan ɗin 'yan bumburutu ya zama gidan mai. A watan Fabrairun 2023 kamfanin NNPC ya sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaranta. Kowace irin matata ce, ko ta Kaduna, ko ta Damagaram da aka buɗe a 2011, ko ta Dangote da ta fara aiki a Legas a 2024, duk tsayawa da tashi yana da kuɗin da ƙarfe ke biya, kuma kafin a sake kunna wuta sai an bi walda ɗaya bayan ɗaya da na'urar da ke auna kauri da gano tsaga. In aka yi sakaci, abin da zai biyo baya gobara ce, daga nan kuma sai tsadar mai ga mai injin ban-ruwa a fadama da mai motar da ke kai albasa kasuwa.

To Malam, tsakaninka da mai abinci wa ke da gaskiya? Alamar da ka bayyana, ɓuli a gefen walda ba a kanta ba, tana nuna zafin waldar ne ya raunana wurin, tsami da gishirin girki suka ƙarasa. Ƙarfe mai yawan kabon ko mai ƙarancin kuromiyam, irin mai arahar nan, ya fi saurin kamuwa. Ke nan kowannenku yana da rabin gaskiya, sai ku raba asarar ku shirya. Don gaba ga shawarwarinmu:

Ka duba lambar da ke jikin fallen ƙarfen, ka fifita mai harafin L. Mayen ƙarfe ba ya kama na 18 da 8 sosai, amma kada ka dogara da wannan gwaji kaɗai, domin akwai mai araha da shi ma ba ya kamawa.

Ka yi amfani da sandar walda ta irin ƙarfen, 308L ga lamba 304, 316L ga lamba 316, 309 kuma in za ka haɗa shi da baƙin ƙarfe. Sandar baƙin ƙarfe ba ta yi.

Ka rage wuta, ka yi waldar gajere-gajere, kana bari wurin ya huce kafin ka ci gaba.

Launin shuɗi da ruwan ƙasa da ke fitowa a gefen walda ba ado ba ne, raunanniyar fata ce. Ka goge shi har farin ƙarfe ya fito, ciki da waje, da buroshi ko dutsen da bai taɓa baƙin ƙarfe ba.

Ka yi aikin a sarari, kada ka sa fuskarka cikin hayaƙin, domin hayaƙin waldar wannan ƙarfe yana cutar da huhu.

Daga ƙarshe, kada ka kuskura ka kai wuta jikin duro ko tankin da aka taɓa zuba wa fetur ko gas don kawai an ce babu komai a ciki. Tururin da ya rage shi ne ke fashewa, kuma ya hallaka masu walda da yawa.

Da fatan mai tambaya da sauran maƙeran Isa da Sabon Birni sun gamsu. A gai da direban tanka.